Batirin da na canja a banza

Jama'a, bari in ba ku labarin kuskurena, ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Wani dattijo ya kawo mini wayarsa Tecno shagona a Ƙanƙara, tun daga Sabuwa. Ya ce caji ba ya kai azahar, ga zafi ko tana aljihu. Ban tsaya bincike ba, na canja batir na karɓi kuɗi. Bayan kwana huɗu sai ga shi ya dawo. Kun dai san yadda hanyar nan take, ba a binta don nishaɗi. Ya ce, "Yaro, da wayar nan nake jin lafiyar iyalina." Wallahi kunya ta kama ni.

Na ce, "Baba, ba ni awa ɗaya." Na kunna USB debugging, na jona ta da kwamfuta, na rubuta adb shell cat /proc/interrupts.

Android a kan Linux aka gina shi. Duk sanda wani sashe na waya, kamar tachi ko wajen caji, ke neman furosesa, sai ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, fayil ɗin nan kuma yana ƙirga kowace ƙwanƙwasawa. A kowane layi, lambar farko ta ƙofar ce, sai ƙirgen CPU0, CPU1 da sauransu, sunan sashen yana can ƙarshe.

Kada babbar lamba ta tsorata ku. Ƙirgen yana taruwa ne tun daga kunna waya, kuma layin arch_timer, wato agogon ciki, kullum da yawa yake. Karanta sau biyu, da tazarar daƙiƙa 10, ka ga layin da ya ƙaru.

A wayar Baba layin tachi ne ke ta gudu, alhali tana kan tebur ba mai taɓa ta. Ashe an taɓa sa mata sikirin mai arha, ga saitin taɓa-sau-biyu-ta-farka a kunne, shi ya hana ta barci. Na kashe saitin, na canja sikirin, ƙirgen ya tsaya cak sai in an taɓa.

Kuɗin batir na cire masa daga na sikirin. Yanzu duk wayar da ke shan caji, sai na duba fayil ɗin nan kafin in ɗauki sukuddireba. In mai gyara ya ce maka batir ne, tambaye shi me ya gwada.