Akwatin Mahaifina

Mahaifina ya zo Kwatano daga Maraɗi da niyyar yin wata uku, sai ya yi shekara 40 a Zango. Har ya rasu akwatinsa yana ɗaure a ƙarƙashin gado. Hanya ɗaya ya sani, daga gida zuwa kasuwar Dantokpa inda yake sayar da albasa. Kome ya taso a gari, sai ya ce, "Mu baƙi ne, ina ruwanmu?" A nan aka haife ni, ina da takardun ƙasa, amma na gāji wannan magana tare da akwatin. Da kuɗin haya ya kore mu zuwa Abomey-Calavi, duka biyu na tafi da su.

A shekarar 2022 'yata ta roƙe ni in raka ta fadar shugaban ƙasa, mu ga kayan sarautar Abomey guda 26 da Faransa ta maido a watan Nuwamba 2021. Na ce wannan kayan Fon ne, mu baƙi ne. Ta dube ni, ta ce, "Baba, in kai baƙo ne, ni 'yar ina ce?" Na rasa amsa, na ɗauki hulata.

Shiga kyauta ce, layi kuwa dogo. Na ga gadon sarautar Sarki Gezo, da siffar Sarki Behanzin, rabi mutum rabi kifi. Sojan Faransa suka kwashe su a 1892. Wata tsohuwa a gabana tana yi musu barka da zuwa kamar 'ya'yanta ne suka dawo daga tafiya. Ban san lokacin da na taya ta murna ba.

Daga ranar muka yi ciniki da yarinyar. Bayan abincin dare takan karanta mini tarihin ƙasar nan da Faransanci, ni kuma in karanta mata Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Tana gyara mini baki, ina gyara mata. A wurinta na ji labarin babban taron ƙasa na Fabrairu 1990, wanda Bishop Isidore de Souza ya shugabanta, har aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa ba tare da yaƙi ba. Ina cikin garin aka yi shi, amma albasa nake ƙirgawa.

Ran Lahadi 8 ga Janairu 2023, bayan sujada, muka tafi zaɓen 'yan majalisa. Shi ne na farko gare ta, ni ma haka, da furfurata. Da yamma muka koma ajin makarantar don kallon ƙirge. Ana ɗaga takarda, a kira suna, wani ya ja layi da alli a kan allo. Na tsaya tsakanin maƙwabcina Bayarabe da wani ɗan zemijan mai rawayar riga, ina cewa a raina, ɗaya cikin layukan nan nawa ne. Wanda na zaɓa bai ci a ajinmu ba, duk da haka na koma gida da fara'a, ina ta duban tawadar yatsana.

Ya ɗan'uwa, ban manta Maraɗi ba, ba na kuwa ganin laifin mahaifina. Amma na kunce akwatin. Yanzu littattafanmu ne a ciki, kuma a buɗe yake kwana.