Garin Kasane, Inda Giwa Ke Ratsa Hanyar Makaranta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, don in ba 'yan'uwana labarin wani gari da na ziyarta a ƙasar Botsuwana, sunansa Kasane. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Shi garin nan yana arewacin ƙasar, a bakin kogin Cobe, dab da wurin da iyakokin ƙasashe huɗu suka kusanci juna, watau Botsuwana da Zambiya da Zimbabuwe da Namibiya. Gabas da shi kaɗan akwai gadar Kazungula bisa kogin Zambezi, wadda aka buɗe cikin 2021. Yamma da shi kuwa sai gandun namun daji na Cobe, babu wani shinge tsakaninsa da gari.

Botsuwana ta fi kowace ƙasa yawan giwaye, ana ƙiyasta su wajen 130,000. Raninsu yakan kama daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin da mu muke damina. In tafkunan daji suka ƙafe, ba su da mashaya sai kogi, ga shi kuwa babbar giwa takan sha fiye da lita 100 a yini. To, garin ya zauna ne tsakanin dajin da kogin. Saboda haka sai su bi turbar da kakanninsu suka saba bi, ko da an yi gida ko kanti a gefenta. Da maraice sukan gangara ruwa, da asuba su hau tudu.

Nan ne zullumin iyaye yake, gama lokacin komawar giwa daji shi ne lokacin fitar 'yan makaranta. Cikin Yuni da Yuli ana sanyi, gari ba ya wayewa da wuri. Giwa duk girmanta ba a jin takunta, launinta kuma ya saje da duhun itatuwa. Idonta ba shi da ƙarfi, amma hancinta da kunnenta ba dama, uwa mai ɗa kuwa ba ta da haƙuri. Wani uba ya ce mini ba ya samun natsuwa wurin aiki sai ya tabbata yaransa sun shiga aji. In ya tsare su a gida karatu ya wuce su, in ya sake su zuciyarsa na ɗar-ɗar.

Hukuma ta hana farautar giwa cikin 2014, zamanin Shugaba Ian Khama, sa'an nan Shugaba Mokgweetsi Masisi ya ɗage hanin cikin 2019 saboda kukan talakawa. Cikin 2024 har ya ce zai aika wa Jamus giwaye 20,000, su ma su ɗanɗana zama da su. Amma mutanen Kasane ba su son a ƙarar da giwa, don baƙin da ke zuwa kallonta su ne arzikin garin.

Dabarun da na ga sun fi amfani su ne: a bar wa giwa hanyarta ta zuwa ruwa, kada a yi gini a kai, yara su tafi a ƙungiya tare da babba, a hore su kada su yi jifa ko ihu. Manoma sukan ƙona barkono da kashin giwa, hayaƙin ya kore ta. A yankin Okabango ma an sa motoci suna ɗaukar yara su ƙetare turbar giwaye.

Jama'a, kada mu ce abin na nesa ne. Giwayen Yankari sukan faɗa gonaki a ƙasar Bauci, na Waza a Kamaru kuma sukan shigo Kala Balge a Barno. Ina kira ga sarakuna da malaman makaranta na wuraren nan, kafin a sa harsashin makaranta a tambayi maharba da dattawa ina giwa ke bi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mana zuriyarmu, amin. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka kullum.