Bazara a Ƙasar Berom

Matafiyin da ya taso daga Akwanga ya nufi Jos ba ya bukatar a gaya masa ya kusa Filato, gama mota ce za ta fara faɗa masa. Da an wuce ruwan Assop aka kama Hawan Kibo, sai direba ya sauya giya, manyan motoci masu kaya su riƙa rarrafe kamar kunkuru. Kafin a ƙare hawan, zafin ƙasa ya saki mutum, iska mai sanyi ta shigo ta taga. Daga nan sai fili fetal, da gajeriyar ciyawa, da itatuwa jefi-jefi, da duwatsun da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, irin waɗanda ake gani a Riyom. Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon ƙafa wajen 4,000 daga teku, wato mita 1,200 da 'yan kai. Wannan tsawo shi ne ya ba ƙasar sanyinta, sanyin kuwa shi ya ba ta lambunanta.

Yawancin baƙi da Kirsimati suke zuwa, lokacin da hunturu ya kankama, dare ya yi sanyi har sai an kwana da wuta. Kaɗan ne suka san ƙasar da bazara, wato watan Maris da Afrilu, sa'ad da rani ke ban kwana, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. A wannan lokaci ne na yi kwana huɗu na hutun Ista a wani ƙauye tsakanin Bukuru da Vom, a gidan iyayen wani abokin aikina. Shi abokin nawa bai sami zuwa ba, sai ya ba ni saƙo da kwatance.

Ƙasar da aka tona

Abin da ido zai fara lura da shi a wannan yanki shi ne jajayen tuddai da tafkuna a gefensu. Ba haka Allah ya yi ƙasar ba, aikin haƙar kuza ne. Mutanen ƙasar sun san kuza tun kafin zuwan Turawa, amma a farkon ƙarni na 20 ne kamfanoni suka shigo da ƙarfinsu. Saboda kuza aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, wadda ta iso Jos a 1914 aka kuma rufe ta a 1957. Babbar hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Kafanchan ta iso a 1927. Leburori suka zo daga ko'ina, Hausawa da Ibo da Yarbawa da sauransu, Bukuru da Barikin Ladi suka cika. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, manyan kamfanonin da dama can sun raunana suka naɗe tabarmarsu. Suka bar ɗaruruwan ramuka, ruwan sama ya cika su.

Tafkunan nan suna da zurfi ƙwarai, sun kuwa ci yara da dabbobi ba kaɗan ba. Amma su ne kuma rijiyar masu lambu. Tun zamanin Turawan kuza Hausawa suka fara noman latas da kabeji da karas a bakin rafuka, suna ban ruwa da jigo, suna sayar wa barikoki. 'Yan ƙasa suka gani suka koya. Yau injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, kayan lambun Filato kuwa har Legas da Fatakwal ake kai su.

Gidan dattawa biyu

Berom sukan ce wa dattijo Da, dattijuwa kuma Ngo. Ni dai Baba da Mama na kira su, su kuma Malam suke ce mini. Baba ya haura shekara 70. Yana saurayi ya yi aikin kula da injin ruwa a wani kamfanin kuza, da aikin ya ƙare ya komo gonar ubansa. Mama ta yi shekaru tana kai kayan miya kasuwar Bukuru, yanzu gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa. Sun haifi shida, biyar suna raye. Uku suna birane, ɗaya ta yi aure a ƙauyen da ke kusa, autan yana makaranta a Jos. Jikoki biyu ne ke zaune tare da su.

Gidan yana cikin shingen ƙyarana, irin wanda Berom suka saba kewaye gidaje da gonaki da shi tun kaka da kakanni. Akuya ba ta ratsa shi, yara kuma an hore su kada ruwansa ya taɓa musu ido. A ciki akwai ɗakuna uku masu rufin kwano, da rumbu guda na ƙasa, da akurkin kaji, da bishiyar fiya.

Da asuba Baba yakan buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, jikanyar ta karanta domin idonsa ya yi rauni, Mama ta yi addu'a da Berom. Sai kunun acca mai zafi, yara su tafi ɗiban ruwa, Baba ya saɓa fartanya. Da rana Mama takan zauna a inuwar fiya tana tsince iri. Da yamma a ci gwate, wato fate-faten acca ko tsakin masara da aka dafa da yakuwa da gauta da alayyafo. In an gama, tsofaffin biyu su zauna a ƙofar ɗaki da rediyo tsakaninsu, suna gardama a kan ko hadarin da ya haɗu zai zubar.

Ayyuka biyu a wata guda

A nan na gane abin da ya sa bazara ta fi kowane lokaci nauyi ga manomin Filato. Aikin rani bai ƙare ba, na damina kuwa ya riga ya iso.

Lambun Baba yana bakin wani tsohon tafkin kuza, fangali goma sha biyu ne kawai. Da can ya fi haka sau uku, ƙarfi ne ya rage shi. Tun watan Nuwamba yake dashen kabeji da latas da tumatir. A Afrilu ruwan tafkin ya ja baya, dole a ƙara tsawon tiyo, man inji ma ya ƙaru. Ga kuma fargabar ƙanƙara, wadda takan zo da ruwan farko a wannan ƙasa. In ta sauka, cikin minti goma sai ta mai da latas tsumma. Saboda haka ake gaggawar kwashe abin da ya nuna a kai kasuwa, ko da farashi bai yi daɗi ba.

A daidai wannan lokaci ne gonar tudu ke jiran shara da taki da huɗa, domin dankalin Turawa, wanda a kasuwa ake ce wa Airish. Asalinsa daga duwatsun Andes ne na Kudancin Amurka, shi ya sa yake son sanyi, shi ya sa kuma yawancin wanda ake ci a Nijeriya daga Filato yake fitowa, musamman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. A Kuru ma akwai tashar gwamnati ta binciken dankali. Da ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sai a shuka, bayan kamar wata uku a haƙe.

Irin dankalin a hannun Mama yake. Ta shimfiɗa shi a ƙasan wani ɗaki mai iska, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa. Ta ɗauki guda ta nuna mini, girmansa kamar ƙwan kaza, da gajerun tsiro masu kauri.

"Malam, ka ga wannan? Shi ne iri. Wanda aka ɓoye a duhu tsironsa yakan yi tsawo, fari sol, da ka taɓa ya karye."

Na ce, "Mama, wa ya koya miki?"

Ta ce, "Asara."

Babban abokin gaban dankali wata cuta ce da ke baƙanta ganye in ruwa ya yi yawa, sanyi da laima suka haɗu. Cikin 'yan kwanaki gona takan ƙone kamar an sa mata wuta, ƙwayar kuma ta ruɓe a ƙasa. Ita ce cutar da ta jawo yunwa a ƙasar Ailan daga 1845. Dabarar Baba ita ce ya shuka da wuri, dankalin ya yi ƙwari kafin ruwan Yuli da Agusta. Ba ya mai da shi inda ya shuka bara, yakan kuma tara ƙasa sosai a gindinsa. Takinsa kashin kaji ne da toka, da ɗan takin zamani in ya samu. Amma shuka da wuri sai da huɗa da wuri, huɗa kuwa aikin baya ne da damtse. A nan tsufa ke nuna kansa. Kunyar da Baba kan yi da hantsi ɗaya a dā, yanzu kwana biyu take cinye masa.

Bukukuwan shekara

Kakannin Berom suna da bikin da suke kira Mandyeng, wanda ake yi gab da faɗuwar damina domin roƙon albarkar shuka. A zamanin yanzu an haɗa irin waɗannan bukukuwa cikin babban taro guda, Nzem Berom, inda gundumomi ke fitowa da raye-rayensu a gaban Gbong Gwom Jos. Ista kuwa kullum tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu take faɗowa, wato ita ma bikin bakin damina ce a nan.

Ran Lahadin Ista majami'a ta cika, 'yan Zumuntar Mata suka shigo da anko suna kaɗa tulu da caki. Mama ba ta iya rawa yanzu, amma daga kan benci ita ce ke ba da waƙa. Ran Litinin matasa suka hau dutse, abin da ake kira zuwa Galili, suka yini can da abinci da waƙoƙi. A gida an yanka zakara ɗaya, an dafa shinkafa, aka aika wa gwauruwar da ke maƙwabtaka da kwano guda.

Kirsimati ta fi haka nesa. Mama ta ce tun watan Oktoba, bayan godiyar kaka, maza ke fara tara kuɗin watanda, a sayi sa a raba nama. 'Ya'ya su zo da motoci da jikoki, a shimfiɗa tabarmi har a ɗakin iri. A dā, in ji ta, kwanukan abinci sukan tafi gidajen abokan Baba Musulmi a Bukuru, su ma da Salla su aiko da nasu. Tun rikicin Jos na watan Satumba 2001 da waɗanda suka biyo baya, unguwanni suka rabu, zumuncin ya yi rauni. A jajiberen Kirsimati na 2023 an kai hari ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, mutane fiye da ɗari suka rasa rayukansu. Duk da haka akwai wani tsohon dillalin kabeji, Bahaushe, da bai taɓa fasa zuwa gaishe su ba, Baba ma bai fasa aika masa da buhun dankali ba.

Maganar da ba ta ƙare ba

Saƙon da aka ba ni in kawo, ban da sukari da maganin gwiwa, shi ne roƙo. 'Ya'yan suna so iyayen su bar ƙauye su koma birni wurin babban ɗansu, inda akwai asibiti kusa da kwanciyar rai. Hujjarsu mai ƙarfi ce, ba kuwa wanda zai ce ba ƙauna ba ce.

Baba ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, na je can na yi wata guda. Da safe kowa ya fita, a bar ni da talabijin. Ƙafata ta kumbura don zama. A nan kuwa in na tashi akwai abin da ke jirana."

Mama ta ce, "Baban yara, faɗa masa gaskiya, gonar kake tsoro."

Ya yi shiru, can ya ce haka ne. Gonar da ba a nomawa ba ta daɗewa a hannun mai ita. Samarin ƙauyen da yawa sun koma haƙar kuza da hannu, suna shiga ramuka masu zurfi da igiya, wani lokaci ramin ya rufta da su. Ɗan ƙodago ya yi wuya, ya yi tsada. In tsofaffin suka tashi, ko dai a tona gonar, ko a yanka ta fuloti.

"Da Kirsimati gidan nan ba masaka tsinke," in ji Mama. "Amma a Disamba ba abin da gona ke nema wurin kowa. Da za su raba zuwan nan biyu, rabi su zo yanzu, da mun gode."

Wannan magana ta wuce gida ɗaya. Da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida suna da tsofaffi a ƙauye, ko a Filato, ko a kudancin Kaduna, ko a ƙasar Tangale, ko a Katsina. Mun iya zuwa ran biki da sabon zane da buhun shinkafa, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma girmama iyaye ya haɗa da sanin watan da aiki ya fi ƙarfinsu. Makarantu suna hutu da Ista. Yaro ɗan shekara 15 da ya yi mako guda yana huɗa tare da kakansa zai koyi iyakar gonar gidansu, da sunayen maƙwabta, da harshen da yake nema ya ɓace masa. Wanda ba shi da halin zuwa, ya aika da kuɗin ƙodago da na taki a watan Maris, kada ya jira Disamba. Matasan ikilisiya kuma su tuna da gayya, su zaɓi Asabar ɗaya kafin ruwa ya zauna su zaga gonakin tsofaffi da gwauraye.

Mai niyyar zuwa Filato da bazara ya riƙe rigar sanyi ko da ya baro gida cikin zafi, gama da ruwa ya sauka dare yakan juya. Ya nemi isa masauki kafin magariba, ya tambayi mutanen gari labarin hanya. Ya kuma tsare yara daga bakin tafkunan kuza, komai kyan ruwan a ido.