A Ƙirga Huhu Kafin A Yi Hayar Mota

Ga wata 'yar shawara a kan na'urorin ciniki. Iyayenmu fataken goro ba su hayar mota sai sun ƙirga huhu. To, kwamfuta da intanet ma haka suke, kowace da iyakar kayan da za ta ɗauka.

Ni shagon hatsi gare ni a Kumasi, yawancin masu saye kuwa ta waya suke biya, abin da ya shigo Gana a 2009. Sa'ad da yarana suka matsa mini in sayi babbar kwamfuta da layi mai tsada, sai na ce a dakata. Wata uku muna rubutawa a littafi: mutum nawa suka biya a yini, wace sa'a aiki ya cushe, data nawa ta ƙare. Muka tarar cunkoson duk na ƙarshen wata ne da jajibirin salla. Saboda haka muka sayi abin da zai ishe mu a irin ranakun nan, muka ƙara sulusi domin gaba. Wurin ajiyar lissafi kuwa haya muke yi a intanet, wata-wata, gwargwadon bukata.

Kuɗin da ya ragu na zuba a batir da layin wani kamfani dabam, gama ban manta da duhun dumsor na 2015 ba. Ran da wuta ta ɗauke ko layi ya mutu, mai saye ba ya jira, shagon maƙwabci zai shiga. Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.