"Ba Sinadari a Ciki": To, Zaƙin Fa?

Jama'a, 'yan kasuwar WhatsApp sun samo sabuwar hanyar shiga aljihunmu. Alkaki ne irin na Damagaram, ko kantun riɗi, ko nakiya, sai a zuba a roba mai kyau, a manna takarda "bio", a ce da zuma aka yi ko da mazarƙwaila, babu farin sukari. Kuɗin ya ninka. Har a garin Gamu yanzu za ka ji ana saya wa tsoho mai ciwon sukari, wai wannan ba ya cutarwa.

Ita takardar, in ma gaskiya ta faɗa, labarin gona take bayarwa: ba a sa takin zamani ba, ba a fesa maganin ƙwari ba. Madalla. Amma jini ba ya tambayar gonar da rake ya fito. Mazarƙwaila ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, mafi yawanta sukari ne. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta ɗan kaɗan ne. Zuma kuwa kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne.

Na san inda za a tare ni: ai zuma waraka ce. Ban musa ba. Sai dai ko wane magani da ma'auninsa, kuma alkakin da aka soya a mai aka tsoma a zuma kayan ƙwalama ne, ba magani ba. Ban da cewa wata zumar ta kasuwa sukari ne aka ƙona aka ɗura a kwalba.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, wato wajen giram 50 ga babba, kimanin ƙaramin cokali 12. Zuma da ruwan 'ya'yan itace duk ta sa su cikin lissafin. Mai zaman shayi ya ƙirga daga kofin farko zuwa na uku, ya ga abin da ya rage masa.

Abin da ya fi ba ni haushi, muna da wanda ya fi. Goruba, magarya, kurna, aduwa, ga dabinon kwaruruwan Gure. Su ma da zaƙinsu, dabino ma sosai, amma sai ka gaigaya, ka tauna, ɓawo da zarensu suna rage saurin shigar zaƙin cikin jini. Wa ya taɓa cinye goruba goma a zama ɗaya? Alkaki kuwa ka gama biyar kana hira.

Ku ci alkakinku ranar biki da salla, ba laifi. Mai ciwon sukari dai ya tambayi likita kafin ya taɓa, kuma don Allah iyaye mata, kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, tana iya sa masa cuta mai tsanani.