Abin da awarwaron roba ya koya mini

A 2014 ina karatu a Ingila tare da iyalina, lokacin da yayin loom bands ya cika makarantun firamare. 'Yan zobban roba ne masu launi-launi, yara su saƙa su da ƙugiya su zama awarwaro.

1. Ba robar yaro yake roƙo ba. Da 'yata ta fara naci, na ce ban ƙetaro teku don sayen shirme ba. Mamanta ba ta ja da ni ba, ta ce dai in lura da yarinyar a bakin ƙofar makaranta. Na lura. Yara sun yi cincirindo suna musayar awarwaro, kowace hannunta cike har gwiwa, tawa kuwa tana rakuɓe a jikin katanga, hannu cikin aljihu, ga baƙunta ga ƙarancin Turanci. A hanyar gida na saya. Ba a jima ba sunayen ƙawaye suka fara shigowa hirarta.

2. Kada ka raina abin da ba ka iya ba. Na ce ta kawo in nuna mata yadda ake yi. Roba ta tsinke ta ɗalle ni a yatsa. "Abba, bar shi kawai," in ji ta, cikin tausayi. Shi ma Cheong Choon Ng, ɗan asalin Maleshiya da a lokacin yake aikin injiniya a kamfanin Nissan a Michigan, yatsunsa kauri suka yi masa. Sai ya kafa 'yan ƙusoshi a katako a 2010 don ya riƙa saƙa tare da 'ya'yansa mata, daga nan Rainbow Loom, abin saƙa robar, ya samo asali. Shi ya zama attajiri, ni na koma kallon labarai.

3. Yayi ba ya sallama in zai tafi. Manya ma abin ya ɗebe su. An ga Kate, matar Yarima William, da irinsa a hannu, wata riga da aka saƙa da robar kuma tayinta ya kai fam 170,000 a eBay, ko da yake mai tayin bai biya ba. Nan fa ɗan kasuwar da ke kwance a jinina ya farka. Na sayi kwali guda, wai in raba tsaraba a gida in sayar da saura. Kafin mu haɗa kaya 'yata ta daina ko kallonsu, yaran gida kuma suka mai da su abin harbin juna. Ragowar kwalin na nan a saman sif. Mai so ya zo ya ɗauka, kyauta ne.