Na ci, ina ci, zan ci: magana kan Turancinmu, mu da ke karatu a Kudu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman ƙannenmu 'yan aji ɗaya da suka iso bana.

Shekara uku ke nan ina karatu a nan ƙasar Yarbawa, kuma akwai abin da nake gani kowane zango yana ci mini rai. Za ka ga yaro ya zo daga Gusau ko Azare ko Daura da ƙwaƙwalwa mai kyau, lissafi ba ya ba shi tsoro, a ɗaki shi ke koya wa 'yan ajinsu. Amma da zarar lakcara ya ce wa zai tashi ya yi bayani, sai ya sunkuyar da kai kamar an aiko masa da rasuwa. Ka tambaye shi daga baya, sai ya ce wallahi ya san amsar, tsoro yake kada ya kwafsa a yi masa dariya. Idan kuma ka bi kwafsawar da yake tsoro, yawanci wuri ɗaya take: lokutan aikatau, abin nan da malaman Turanci ke kira tens.

Shirun nan yana da tsada fa. Akwai makin gabatar da aiki a gaban aji, akwai rahoton ɗakin gwaje-gwaje, akwai littafin SIWES da za ka cike kullum, akwai wasiƙa zuwa ga shugaban sashe idan sakamakonka ya ɓata, sannan a ƙarshe ka tsaya gaban malamai ka kare firojek. JAMB tambaya 60 ce ta Turanci, duk zaɓi ne tsakanin amsoshi, mutum zai iya haye ta bai ƙera jimla ko ɗaya da kansa ba. A nan kuwa babu A, B, C, D. Kai za ka buɗe baki.

Ni ɗan makarantar gwamnati ne, irin wadda Turancin ma da Hausa ake koyar da shi. Abin da ya buɗe mini ido a kan tens shi ne darasin nahawun Hausa da muka yi a sakandare, wanda da yawa suke ɗauka darasin hutu ne. Ku tuna yadda aka jera mana: shuɗaɗɗen lokaci, lokaci mai ci, lokaci mai zuwa, lokaci sabau. Na zo, ina zuwa, zan zo, nakan zo. Ku duba inda lokacin yake zaune. Yana jikin ɗan ƙaramin abin da ke gaban aikatau: na, ina, zan, nakan. Shi aikatau ɗin bai san jiya ba, bai san gobe ba. Jiya na zo, gobe zan zo, “zo” yana nan yadda yake. Bature kuwa jikin aikatau ɗin yake taɓawa: “go”, “went”, “gone”. Mu kunnenmu ya saba sauraron farkon magana don ya san lokaci, shi ya sa idan muka ce “yesterday” sai mu ji ai mun gama aiki, sai “go” ya fito tsirara. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, sabon harshe ne kawai.

Kuma kada wani ya ruɗe ku da cewa su 'yan nan da tens aka haife su. Ku saurari Burokan ɗin da ake yi a hostel: “I don chop”, “I dey chop”, “I go chop”. Na ci, ina ci, zan ci. Daidai wa daida da Hausa, “chop” bai motsa ba. Yarbanci ma haka: “mo ti jeun”, “mo n jeun”, “mo maa jeun”. Su ma ɗan abu suke ajiyewa a gaba su bar aikatau ya huta. Abin da suka fi mu shi ne yawan ji da yawan furtawa tun suna yara, da kuma rashin kunyar kuskure. A ajinmu sau nawa na ji mai yi wa wani dariya ya juyo ya ce “I am having two brothers”, ko “I am hearing you”, babu wanda ya ce masa uffan. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

To bari in jera wuraren da na lura Hausa tana ja mana ƙafa. Ba su da yawa.

Na farko, “na ci” ɗinmu aiki biyu yake yi. Shi ne “I ate”, shi ne kuma “I have eaten”. Bature ya raba su. Idan ka ambaci lokacin da ya wuce ya rufe, kamar jiya, makon jiya, ko 2021, to babu “have” a wurin: “I submitted it yesterday”. Idan kuwa ba ka ambaci lokaci ba, abin da ya dame ka shi ne yanzu aikin yana hannunsu, sai ka ce “I have submitted it”. “Have” da “yesterday” kamar kishiyoyi suke, ba sa kwana ɗaki ɗaya. Idan za ka iya saka “riga” a Hausar, wato na riga na miƙa, to yawanci “have” ake nema.

Na biyu, “ina” ɗinmu ma ba ya nuna jiya ko yau. Muna cewa yanzu ina karatu, muna kuma cewa jiya ina karatu aka ɗauke wuta. “Ina” bai canza ba. A Turanci dole ya canza: “I am reading”, amma “I was reading when the light went off”. Duk labarin da ka fara a jiya, “am” da “is” da “are” su koma “was” da “were”, su zauna a haka har ka gama labarin. Da yawa muna farawa daidai, jimla ta uku sai mu dawo yau ba mu sani ba.

Na uku, abin da aka saba yi. Mu mukan ce ina zuwa masallaci kullum, sai mutum ya ɗauko shi yadda yake: “I am going to the mosque every day”. Gwajin da nake ba yara shi ne: cire “ina” ka sa “nakan”. Idan maganar ta zauna, nakan je masallaci kullum, to aikatau zalla ake so: “I go”. Idan shi ne ko ita, a liƙa masa “s”: “he goes”, “she reads”. A nan ne kuma “used to” yake kashe mutane, mu da 'yan Kudun baki ɗaya. Ma'anarsa a da nakan yi, yanzu na daina. Wanda ya ce “I used to pray five times a day” yana nufin yabon kansa, ya sanar da duniya ne cewa ya bar sallah. Allah ya tsare.

Na huɗu, kalmomin da ke nuna hali ko yanayi. Mu muna cewa na sani, na gane, na yarda, da siffar abin da ya wuce alhali yanzu muke nufi. Muna kuma cewa ina so, ina da shi, da siffar abin da ke ci. Bature duk ya zuba su a kwando ɗaya: “I know”, “I understand”, “I agree”, “I want”, “I have”. Ba a sa musu “ing” a wannan ma'anar. Na gaji kuma “I am tired” ne.

Na biyar, “tun”. Tun safe nake jira a ofishin nan. Da yake “nake” ne, sai baki ya tafi ga “I am waiting since morning”. Abin da ya fara a baya kuma har yanzu ana cikinsa, “have been” yake ɗauka: “I have been waiting since morning”. Wannan jimlar ku haddace ta da kyau, domin duk wanda ya yi rajistar kwasa-kwasai ya san zai buƙace ta.

Na shida, “idan” da “in”. Idan ka zo gobe zan ba ka. Ku lura “ka zo” siffar shuɗaɗɗe ce amma gobe ake nufi. Turanci kuma siffar yau yake sawa a wurin: “When you come tomorrow, I will give it to you”. Ba “came” ba, ba kuma “will come” ba.

Sai ɗan ƙarami na ƙarshe: “did” ya riga ya ɗauki kayan jiya a kansa, kada a ƙara ɗora wa aikatau. “Did you go?”, “I did not see him”. Kaya ɗaya, ɗan dako ɗaya.

Masu shiga ɗakin gwaje-gwaje, ga taku. Littafin aiki da umarni yake zuwa: “Heat the solution”. Rahotonka kuwa labarin abin da aka yi ne, wato irin “an” da “aka” namu: aka zuba, aka ɗora a wuta, aka auna. Turancinsa “was” ko “were” ne tare da siffa ta uku: “The solution was heated”. Amma gaskiyar da ba ta canzawa tana zama a yau: “Water boils at 100 degrees”. Na ga rahoton da lissafinsa duk daidai ne, amma jan biro ya cika shi saboda an kwafe umarnin littafi yadda yake.

Akwai kuma matsalar da ba ta nahawu ba ce, ta baki ce. Kalmar Hausa kusan kullum da wasali take ƙarewa, ba mu saba tara baƙaƙe biyu ko uku a ƙarshen kalma ba. To “asked”, “walked”, “passed” sai wutsiyar ta faɗi a hanya. A kanka ka sa “ed”, a takarda ma za ka rubuta, amma mai sauraro “ask” ya ji. Ita “ed” ɗin kala uku ake furta ta: kamar “t” a “walked”, kamar “d” a “called”, sai cikakkiyar gaɓa a “wanted” da “needed”. Wannan ba a koyonsa da ido. Sai ka yi ta faɗa da ƙarfi, ko ka naɗi muryarka a waya ka saurara.

Masu cewa aikatau marasa bin ƙa'ida sun yi yawa, haba malam. Waɗanda ake amfani da su ba su wuce wajen 200 ba, na yau da kullum kuwa ko rabin haka ba su kai ba. Mu ne fa muka zauna a Islamiyya muna rera kataba, yaktubu, uktub, muka san mali da mudari'i da amri. Larabci ya fi Turanci juya aikatau nesa ba kusa ba. Cikinmu akwai mai izu 20 a ka, akwai mai 60. Wanda ya yi wannan, “write, wrote, written” ne zai gagare shi? Biyar a rana, da murya irin ta hadda, cikin kwana 40 ka share 200.

Ga abin da muke yi a ɗakinmu, kuma yana aiki. Bayan isha'i kowa zai ba da labarin yininsa da Turanci na minti biyu, duk a shuɗaɗɗe. Sannan ya faɗi abu uku da yakan yi kullum, da abu uku da zai yi gobe. Ba a katse mutum yana magana, sai ya gama a ce masa wuri kaza ka dawo yau. Wanda ya yi dariya shi zai sayi burodin safe. Littafi kuma ba sai mai tsada ba. Tsohon Brighter Grammar ɗin nan da muka raina a firamare ya isa a fara da shi, wanda ya samu jan littafin Raymond Murphy na masu farawa kuwa ya tsinci dami a kala. Kwas ɗin Turanci na GST da ake yi a aji ɗaya, kada a bar shi sai daren jarrabawa.

Magana ta ƙarshe tamu ce mu kaɗai. Dariyar da ta fi kashe wa yaro gwiwa ba ta 'yan Kudu ba ce, tamu ce. Mutum zai gwada Turanci a cikinmu, sai wani ya ce “kai Bature, sauko mana”, ko ya kwafsa a mai da shi sunansa har ya gama makaranta. Daga ranar ya rufe baki. Mu daina, don Allah. Hausarmu tana nan, ba wanda zai ƙwace mana ita, da ita muke hira, da ita muke kiran gida, da ita ma nake wannan rubutun. Amma takardar da iyayenmu suka sayar da hatsi da dabbobi don mu kawo musu, da Turanci ake kare ta. Mun yi tafiyar kwana guda a mota mun zo nan, bai kamata “went” da “gone” su hana a san abin da ke kanmu ba.

Duk ɗan aji ɗaya da ke da jinga ko wasiƙa yana so a duba masa kafin ya miƙa, ya same mu a masallaci bayan isha'i, ko ya ajiye saƙo. 'Yan uwa mata su ma akwai yayyensu a sashensu da suka ce a shirye suke. Matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma ya san wani wurin da Hausa ke ja mana ƙafa ban ambata ba, ya ƙara mana a ƙasa mu amfana.

Allah ya ba mu ilimi mai albarka, ya mai da mu gida lafiya da sakamako mai kyau. Amin.